Rumbu Uku

Ƙarfe biyun dare a Bompai,
daga ni sai fankar sabar muke hira.
Allo ɗari shida na barci a bene uku,
babu mai hanji a cikinsu,
fuska ce kurum da madannai.
Ransu duka yana nan ɗakin sanyi,
a akwatin da bai kai firjin mai shayi ba.

Alhaji Mamuda ya ce in zaɓo ma'aji:
"Tasi'u, mai gudu, amma mai sauƙin kuɗi."
Na ce, ranka ya daɗe, araha ba ta ado.
Bai san ƙarfe takwas na Litinin ba,
sa'ad da ɗari shida ke farkawa tare,
kowa na neman teburinsa a numfashi guda,
kamar 'yan adaidaita a bakin 'Yankura,
kowa ya sa kai, ba mai ja da baya.

Faifai mai juyawa jaki ne,
ya ɗauki kaya, amma kar ka ce masa hanzarta.
Wanda ba ya juyi kuwa walƙiya,
farashinsa sai ka zauna kafin a faɗa maka.
Sai na raba musu gado:
aikin safiya na mai gudu,
takardun bara da bara waccan na jaki.

Teburan ba su hana ni barci.
Hatimi ɗaya na sassaƙa,
in ɗaya ya lalace in sake bugawa.
Abin da hannun mutum ya rubuta a kai,
shi ne ba shi da hatimi.

Na koyi wannan a watan Agusta.
Wata bakwai ina ganin koren maki
kowace safiya yana cewa an adana,
ina gyaɗa kai ina kurɓar shayi.
Sai ga Barira daga sashen fansho,
biro a kunne, murya ƙasa-ƙasa:
"Sunayen tsofaffina sun ɓace."
Na ce kwantar da hankalinki, akwai ajiya.
Na buɗe rumbu.
Ƙaiƙayi.

Kwana goma sha ɗaya tana sake bugawa
daga takardun da laima ta ci gefensu,
tsofaffi na zaune a benci suna jira.
Ba ta ce mini uffan ba.
Da ma zagina ta yi.

A nan na tuno Iya Dije ta Dawanau,
wadda ba ta haɗa iri da na tuwo.
Na ci a rumbu, na gobe a ɗaki,
iri kuwa a tulu, an toshe da toka,
can gidan ƙanwarta, hayin rafi.
Takan ce gobara ba ta sallama.
Kuma duk wata sai ta zura hannu,
ta ɗebo, ta murza, ta shinshina.

Yanzu uku nake ajewa.
Ɗaya nan kusa, don mai goge abu da kuskure.
Ɗaya na bin waya cikin dare zuwa Sharaɗa.
Na ukun ba ya jone da komai,
duk Juma'a nake goya shi a babur,
don ɓarawon da ke kulle gida daga nesa
ba ya iya taɓa abin da aka zare.
Madubi ba ajiya ba ne:
ka yi kuskure, shi ma ya yi.

Alhaji ya ga lissafi ya cire tabarau.
Na ce a tambayi Barira.
Ya sa hannu.

To ga ni yau, ina zura nawa hannun a tulu.
Saba'in da ɗaya cikin ɗari.
An ɗauke wuta, janareto ya yi tari ya kama.
Tamanin da tara.
Ladanin Dakata ya fara gyaran murya.
Ɗari.

Na buɗe.
Layin farko: Ilu Maigatari, masinja, shekara talatin da biyar.
Yana nan.
Na sauka har ƙasa, na ƙirga su,
sannan na tafi alwala.