Daga Tsakiya Ake Farawa

Hadari ya haɗo ta wajen Rigasa,
Panteka na ta amo, guduma na cin ƙarfe,
ni kuwa na duƙa kan injin Sallau
da ya tafasa jiya a gadar Kawo,
ya ƙone gaskit, ya gauraya mai da ruwa
har baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa.

Tsoffin ƙusoshin sun gaji.
Biyu sun miƙe, ɗaya ta cinye zarenta.
Na watsa su a gwangwani, na kwance sababbi:
goma cif, ba mai kai a cikinsu,
zare a sama, zare a ƙasa,
tsakiya sumul kamar kara.

Baba Jatau na kan kujerar wata mota
da ta mutu tun ban iya riƙe sufana ba.
Shekara goma sha tara ya yi yana haɗa Fijo a Kakuri.
Yanzu yanar ido ta rufe masa gari,
sai kunne ya rage, da tafin hannu.

"Ka wanke ramukan, Tanimu?"
Na wanke, Baba.
"Ka hura su?"
Na hura.
"To ajiye sufana, da yatsa ake sa su.
Wadda aka tura dole, ita ke tsaga gida."

Na ɗiga mai, na murza,
suna sauka ɗaya bayan ɗaya
kamar guga a rijiya mai zurfi,
kowacce ta taɓa ƙasa ta tsaya.

Sallau na safa da marwa, waya a hannu:
fasinjan Zariya ba ya jira,
balas na jiya ma bai kai ba,
mai mota ya kira sau huɗu.

Baba ya miƙe, ya lalubo bakin injin,
ya bi kawunansu da tafi
kamar kaka na shafa jikoki.
A ta bakwai hannun ya tsaya.
"Wannan ta ɗara 'yan'uwanta tsayi."

Na warware ta.
Na naɗa tsumma a waya, na zura,
ya fito jiƙe.
Ruwa ne, bai cika cokali ba,
ya kwanta can ƙasa yana jirana.
Ruwa ba ya matsuwa, na sani,
da na ɗaure a kansa, ƙarfen ne zai buɗe baki,
injin mutum ya tafi a kan ɗigo.

Bai ce komai ba.
Da ma marina ya yi.

Na shimfiɗa gaskit, fuskarsa sama.
Ni da Sallau muka ɗago kan injin,
muka saita, ya zame kan goman nan
ya zauna daram, ba gardama.
Washa, noti, ɗan mai a kowane zare.

Daga tsakiya ake farawa.
Wannan, sai na gabansa a tsallake,
a dawo hagu, a koma dama,
ana buɗewa har a kai gefe.
Ba a ƙure ɗaya sauran na kallo,
zagaye uku ne, kowanne ya fi na baya nauyi,
kamar rabon nama a gidan yawa.

Sufanar awo ta ce ƙas.
Leɓen Baba ya motsa: ɗaya.
Ƙas. Biyu.
Ya ƙirga goma, ya sake ƙirga goma.

Ana shiga na uku ruwa ya ɓarke.
Kwanon rumfa ya ɗauki ruri,
guduma ta yi shiru, rediyon maƙwabci ya nutse,
ko muryar Sallau ba a ji.
Na ja sufana, ta ce ƙas, ni kaɗai na sani.

Sai na ji yatsu masu kanta
sun kama wuyan hannuna.
Ya sunkuyar da kai, ido a rufe,
yana sauraron ƙarfe ta cikin ƙashina.
Na ja. Ya matsa ni sau ɗaya.
Na ja. Ya matsa.
Haka muka bi su har gefe,
ruwa na zuba ta hujin kwano
daidai ƙeyata.

La'asar sakaliya injin ya tashi,
lagireto bai yi ko tari ba.
Sallau ya biya rabi, ya ce saura gobe,
ya fantsama mana taɓo ya wuce.

Baba ya koma kujerarsa,
ya goge tafi a gwiwa.
"Aika yaro ya karɓo shayi.
Kuma gobe, in ka ce ka hura,
ka hura."