Turjiya

Bayan tashar jirgi, Sabon Gari,
shagona ɗaki ne da rabi:
benci, mita, ƙarfen narka dalma,
da fankar da sai an tura ta da biro.

Ran Laraba Malam Barau ya zo,
tsohon direban jirgin ƙasa,
da akwati biyu a bayan ɗan acaɓa,
ɗaya a naɗe cikin bargo.

Na bargon mai bawul ne,
kwalabe uku masu jan ido in sun ɗumama.
Wajen wani malamin Samaru ya saya,
shekarar da malamin ya tattara ya koma ƙasarsu.
Ɗayan baƙi ne sumul, mai taransista,
ɗansa Lawandi ya aiko daga Fatakwal.

"Tanimu, da hannuna na haɗa su.
Kowanne ƙalau yake in shi kaɗai ne.
Amma garayar ta koma sauro a kwalba.
Ina kaurin? Ina gindin kiɗan?"

Na sa kaset. Bai yi ƙarya ba.

Na ɗora mita, na yi lissafi a bayan rasit.
Tsohon na magana da turjiya dubu arba'in,
sabon na karɓa da dubu goma kacal.
Kashi biyar aka aiko, ɗaya ya iso.
Ga 'yar kwandansa a bakin fita
tana sakin siririn sauti,
tana tsare mai kauri a zaure.

Na ce, Malam, ba wanda ya lalace.
Rijiya ce mai ƙaramin ido
aka zura mata gugan cika tanki.
A sana'armu, turjiyar mai karɓa
sai ta ninka ta mai bayarwa sau goma:
ya kasa kunne kurum,
kada ya ja.

Ya yi shiru, yana murza hula a gwiwa.
"Lawandi ke nan," in ji shi.
"Kafin in gama amsa gaisuwa
ya ce in duba waya, ya turo wani abu."

Ban tanka ba. Wannan ba gyarana ba ne.

Ƙarƙashin benci akwai gawar rediyo
tun zamanin maigidana.
Na zare mata bawul guda, na huɗu ke nan,
na dasa shi tsakaninsu.
Ba ya ƙara ƙarfi ko na anini.
Aikinsa ya karɓi zancen tsoho a hankali,
ya miƙa wa yaro da turjiya ɗari shida.
Kwana uku. Sau biyar aka ɗauke wuta.
Dalma ta bar mini tabo a ɗan ali.

Ran Asabar na kunna.
Bawul ba ya son gaggawa,
rabin minti muna kallon ja yana tasowa.
Sai garaya ta faɗo da ƙirjinta,
kusoshi suka hau rawa a faranti,
Iro mai shayi ya leƙo da ludayi a hannu.

Malam Barau ya danna waya,
ya kanga ta a bakin lasifika.
"Lawandi, ka ji? Ka ji kaurin?"

"Baba, hayaniya kawai nake ji.
An gyara? Nawa ne kuɗin?"

Ni na san waya ba ta ɗaukar kauri,
tun a bakinta take yanke shi.
Na buɗe baki in faɗa,
na ga bai sauke hannunsa ba,
sai na ƙara murya kaɗan.