Fasinjata

Ni mai fito ne, ban yi boko ba,
gorar tuƙi ce alƙalamina,
abin da na sani a kan ruwa na rubuta shi, ya bi ruwa.

Shekarar da kogin Haɗeja ya yi fushi
ya cinye shinkafar fadama tun tana da ciki,
ya shiga Zangon Kanya ba sallama,
ya miƙe ƙafa a ɗakunanmu kamar mai gida.
Muka koma tudun firamare,
mu da awaki, da baƙon da ya biyo mu: amai da gudawa.

Rannan ta iso bakin gaɓa,
guntuwar mace, kwali a ka, takalmi a hannu,
farin kallabinta ya koma ruwan ƙasa.
Aka ce Sista Selina ce, daga Indiya.
Na ce wadda ta ƙetaro teku
me zai dame ta a ɗan ruwan Jigawa?

Ashe ko iyo ba ta iya ba.
Ta ƙanƙame bakin kwalekwale, ido a rufe,
in kacala ta goge mu sai ta zabura.
Na ce mu koma? Ta ce mu je.
Sau biyu a yini, kwana arba'in da uku,
tsoron bai ragu ba, ita ma ba ta fasa zuwa.

Hausarta tuwo ne da bai nuna ba.
Sista Bilhatu, 'yar Sumaila, ke bin ta tana gyarawa,
yara na dariya a bayan allo,
don takan ce gishiri in tana nufin ƙishirwa.
Daga baya muka daina dariya:
gishirin ne, da sukari, a ruwan da ya tafasa,
cokali bayan cokali har asuba,
ya tashi waɗanda muka fara yi wa kukan mutuwa.

Mai unguwa ya ja ni gefe.
Mace ba miji, ba ɗa, ba gona,
me ta zo nema? Ka sa mata ido.
Na sa ido.
Na ga tana wanke bokitin da dangi ke toshe wa hanci.
Na ga ta ci ɗanwake a tsaye.
In na tsai da jirgi don la'asar
ita ke riƙe gorar, hannu na rawa,
tana jan carbinta a hankali, ni ina jan nawa.

Akwai dare guda.
Ɗan Tabawa ne, Ilu, bai kai yaye ba,
muka ɗauko shi za mu kai asibitin gari.
Tocila a bakinta, tana neman jijiya a hannu kamar tsinke.
A tsakiyar ruwa, daidai inda gonar Barau take a da,
ta cire tocilar ta kashe.
Ba wanda ya yi magana.
Sai na ji kuka, na ɗauka na uwar ne.
Tabawa ce ta jawo ta jikinta,
tana shafa kallabin nan mai laka:
Yi haƙuri, Sista, kwana ne ya ƙare,
kin yi naki, 'yar'uwa.

Da ruwa ya janye takarda ta zo,
an tura ta wani wurin da ban iya faɗin sunansa ba.
Ta miƙo kuɗin fito, na ce haba.
Ta ce to bashi ne, ka koya mini iyo in na dawo.
Damina bakwai ke nan.

Na sake katako uku a jirgin nan,
na toshe ɓula, na shafa kwalta,
amma na gefen hagu ban taɓa shi ba.
In fasinja ya tambayi ɗan zanen da ke jikinsa
nakan ce farce ne,
na wata matsoraciya da ta fi mu shiga ruwa.