Shafi na Sittin da Huɗu

Shekara tara ina koyar da ilimin halittu
a kolejin da ke bayan tashar Tawa.
Na zana zuciya, na zana huhu,
na zana hanjin akuya har alli ya ƙare.
In muka zo shafi na sittin da huɗu
sai in yi tari, in dubi agogo,
in ce: wannan ku karanta a gida.

Wane gida?
Inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari,
balle sunan abin da wando ya rufe?

Jiya na ga Sahabi a gindin bedi
yana yi wa mai tallan magani raɗa.
Ƙwaya biyu, ja da rawaya, dala ashirin.
Tafiyarsa kamar mai taka ƙaya.
Ya gan ni, ya haɗiye gaisuwa.

Haulatu ta bar tambaya cikin kaye,
ƙarƙashin zanen huhu, da siririn rubutu:
Mushe, da gaske sau ɗaya ba ya yin komai?
Na ba ta sha huɗu bisa ashirin,
na miƙa mata kayen, ban ce uffan ba.

An ce takarda tana tafe daga Yamai,
ana ta zama, ana auna kalmomi kamar zinariya.
Salula kuwa ba ta jiran sa hannun kowa,
ita ke ba da darasin dare.

Gobe Litinin.
Na lanƙwasa kunnen shafin.
Tun yanzu bakina ya bushe,
amma na sayi sabon alli.