Iska a Birki

A Talatar Mafara, bayan tasha,
ƙarƙashin rumfar kwanon da tsatsa ta ci bakinsa,
jar motar nan tana kan turaku, tayoyinta huɗu a gefe,
kamar tsohuwar da ta tuɓe takalma za ta yi alwala.

Kujera biyu gare ta, ba ta da rufi.
Wani Bature ɗan Italiya da ya zo aikin dam na Bakolori
ya bar wa Baba ita a bakin kuɗin gyara,
ya ce zai dawo da damina.
An yi damina arba'in da 'yan kai.

Ina shekara tara aka fara ɗora ni a mazaunin direba,
da matashi biyu a bayana don ƙafa ta kai.
Baba Nahantsi na ƙasa, rigingine bisa kwali,
ba na ganin komai nasa sai kaushin dugadugai.
"Taka, Luba. Taka. Ƙara. Riƙe!"
In riƙe,
sai in ji birkin ya sulale ƙarƙashin tafina
kamar na taka laka a fadama.
"Kada ki saki sai na ce."

Yau ni ce a kan kwalin.
Ƙaramar sifana a hannun dama,
siririn tiyo daga bakin noti zuwa kwalbar lemo,
da ɗan mai a gindinta kada iska ta sami ƙofar komawa.
Na fara da tayar baya mafi nisa da direba,
yadda ya koya mini:
na nesa ake fara gaisarwa, na kusa ba ya fushi.

Shi yana sama, hula a karkace,
gwiwarsa ta fi ƙarfen ƙara.
"Taka, Baba."
"Mi kic ce?"
"Na ce taka!"

Na murɗa notin rabin juyi.
Man farko baƙi ne, kamar shayin da ya kwana a buta,
a bayansa kumfa, ɗaya, ɗaya,
sai uku a jere kamar idanun 'ya'yan kifi.
Abin da ba shi da nauyi, ba shi da launi,
in ƙwaya guda ta laɓe a bututu
sai ka taka a gangare ka ji ba kowa a gida.

A taya ta uku ya saki ban ce ba.
Ina kallo man ya ja da baya,
kumfar da na kora ta koma ɗakinta.
Aka yi shiru a sama.
Can ya ce, "Ƙafar ce ta yi rawa, ba ni ba."
A kan irin wannan na taɓa shan ranƙwashi
har na ƙi cin tuwon dare.
Na fito, na ƙara mai a tukunya kada ta ƙafe,
na goge wanda ya ɗiga, don yana cin fenti,
na koma ƙasa.
"Mu sake, Baba. Tiyon ne ya zame."

Ana kiran la'asar mai ya fito garau kamar man gyaɗa,
birki ya tsaya ƙyam, ya ƙi nutsewa.
Muka ɗaura tayoyi, muka sauke ta.

Ba inda za mu.
Hanyar da yake ba ta wuta a da, yanzu ba a binta da yamma.
Ƙarshen layi kawai, wajen mai tsire, mu juyo.
Ni ke riƙe da sitiyari, yana riƙe da hularsa,
sai ga akuyar gidan Tumba ta ratso da igiya a wuya.
Na taka.
Ta tsaya cak, akuyar ta wuce tana tuƙa.

Ya daɗe yana kallon ƙafata.
Ya ce, "Tana ɗan ja hagu."