Ina Rumfar Taki?

Kwana tara zan yi a Damagaram,
tun a tasha na faɗa wa Inna.
Ta ce to, kwana tara ma kwana ne.

Da dare, bayan tuwo, ta jawo tabarma kusa,
ta ce, Cima, mutane na tambayata,
wai kina fatauci, to ina rumfar taki?
Na miƙa mata waya.
Ta juya ta, ta leƙa bayanta
kamar mai neman ƙofar shiga,
ta ce, ungo rumfarki, kada ta faɗa a miya.

Shekara uku ina ciniki bisa gadon haya.
A Istambul ɗakina hawa na shida ne,
sanyi na cin yatsuna, ina rubuta farashi.
A Kasabalanka, tsaye cikin layin biza,
na saida jaka biyu, na karɓi jaka sittin,
ban bar layin ba.
A Kigali sama ta yi kwana huɗu tana zuba,
na tsaya bakin taga ina ƙirga
jarka nawa ke tafiya a banza,
don ɗiyar Birni ba ta ganin ruwa
ta ƙi yin lissafi.

Kayan kuwa daga nan suke tashi,
lungu na uku bayan masallaci,
inda Malam Shafi'u baduku ke zaune
cikin warin bagaruwa da jar fatar akuya,
basilla a baki, tabarau ɗaure da zare.
Bai taɓa wuce Maraɗi ba.
Ɗinkinsa ya shiga ƙasa goma sha bakwai.
Jiya na nuna masa hoton wata mata
rataye da jakarsa a cikin ƙanƙara.
Ya daɗe yana kallo, ina jiran murna,
sai ya ce, gefen hagu ya karkace.
Ranar idona na ciwo.
Ki ce mata ta yi haƙuri.

Fassuma ƙanwata ce mai kwali da igiya,
ta hau kabu-kabu ta kai wa motar Yamai,
ta zare ladanta tun kafin in yi magana.
Ta ce ke kina can kina ɗaukar hoton teku,
ni ce nan ke faɗa da kwandasta.
Gaskiyarta. Na ƙara mata.

Agogo uku nake ɗauke da su a kai:
na mai saye, na mai ɗinki,
da na garin da na kwana.
Ga shi yau na iso gida, ba su daidaita ba.
Kuran ya ɗauke, rezo ya gudu,
ƙarfe biyun dare ina bisa dutse bayan gida,
hannu sama kamar mai roƙon ruwa,
don wani can da rana ke tsaka a kansa
yana son sanin ko akwai launin ƙasa-ƙasa.

Akwai. Guda ce.
Na rubuta masa cewa an saida.
Ita ce wadda ke kwana a ƙasan akwatina,
in gari ya yi mini baƙo da yawa
in buɗe ta, in cusa fuska,
in shaƙi lungu na uku bayan masallaci.

Ran na tara Inna ta tura kilishi
da ƙullin yaji tsakanin tufafina.
Ba ta tambayi ranar komowa ba.
Muna tsakar sallama a bakin zaure,
hannunta bisa kaina, addu'a ba ta ƙare ba,
waya ta yi ƙara a aljihu.
Na danne ta da tafi.

Inna ta shafa, ta ce, amsa mana.
Ba a barin mai saye a tsaye.