Inji Mai Ɗumi

Asabar, kasuwar Lircay ta watse,
saura ɓawon dankali da kashin alfaka.
Nicanor ya turo shi daga bayan shago,
ja ne, dogon ƙafa kamar zalɓe,
tayoyinsa masu ƙuraje, na hawan dutse.
Sol dubu huɗu, in ji shi, ko a bar zancen.

Ni kuwa awa uku nake takawa
kafin in kai makarantar kan tsauni,
yara goma sha tara na jirana, sanyi ya fasa musu kumatu.
Ban buɗe baki ba,
gwiwoyina suka riga ni cewa na saya.

Kawu Teofilo bai dube shi ba.
Ya baro idanunsa a ramin haƙar azurfa,
hannu ya rage masa.
Ya ɗora tafi kan injin, ya ɗauke, ya mayar.
"Wa ya ɗumama shi kafin mu iso?
Jakin da aka ba hatsi da safe,
kowa zai rantse bai taɓa tari ba."

Shuri ɗaya ya tashi.
Kawu ya tare bakin salansa, ya sansana tafinsa.
"Baƙin mai yake sha. Rubuta, Eusebia,
fistin da ringi, ɗari huɗu."
Littafin wata ɗaliba ne a jakata,
na juya bangon baya na rubuta.

Ya ja sarƙa, ta biyo shi ba gardama,
haƙoran da ke jan ta sun lanƙwashe kamar lauje.
Ɗari da tamanin.
Shokozoban gaba na zubar da hawaye, ɗari biyu.
Birkin baya sai an taka har ƙasa,
ga hanyarmu, hagu dutse, dama kwazazzabo
wanda in ka jefa tsakuwa ba ka jin saukarta.
Casa'in.
Takardu da sunan wani suke,
canja suna ma ɗari da hamsin ne.

Can ƙarƙashin tanki yatsunsa suka tsaya.
Fenti sabo, a bayansa wani kumburi
kamar ƙashin da ya haɗe a karkace.
"Walda ce. Wa ya faɗi?"

Nicanor ya daɗe yana juya ganyen koka a kunci.
"Ɗana Wilber. Tseren ranar biki.
Yana kwance a Huancayo, ƙarfe shida a cinya.
Asibiti ba ta karɓar babur."

Alƙalamina ya yi nauyi.
Dubu da ashirin, ban da abin da ke ɓoye
cikin giyar da ba wanda ya buɗe.
Yaya ake neman ragi daga cinyar yaro?

Kawu bai sassauta murya ba.
"Allah ya tashi kafaɗarsa.
Amma in wuyan nan ya sake ɓallewa a gangare,
ke me za mu sayar mu biya naki ƙarfen?
Dubu biyu da ɗari takwas, in ya tashi da sanyi.
Kulle shagon. Makulli ya kwana a wurinmu."

Nicanor ya miƙo shi bai ce uffan ba.

Da dare ƙanƙara ta yi ta buga kwano.
Na sake haɗa lissafin, bai ragu ba.
Na buɗe cikin littafin, ga aikin Rosalvina,
ta cire tara daga bakwai ta sami biyu,
na rasa jan alƙalamin da zan ce mata a'a.
Na roƙi ya tashi.
Can anjima na roƙi kada ya tashi.

Da asuba sirdin ya yi fari da raɓa daskararriya.
Kawu ya taɓa injin, ya gyaɗa kai.
Shuri ɗaya, shiru.
Biyu. Uku.
Nicanor na ƙirgawa da leɓe, hularsa a hannu.
A na shida ya yi tari, ya haɗiye.
Na gyara tsayuwa, na ɗaga ƙafa.